Habibu da ruwan rinina

Bana shekara tara ke nan da aka kai ƙanena Habibu makwancinsa. Malamin shimi ne, wato kimiyyar sinadarai, a wata lise, makarantar sakandare, nan Garwa. Har yau in rana ta take, kowa na kuka da zafi, ni shi nake tunawa, don shi kaɗai na sani mai murna da ranar garin nan.

Ni rini ne sana'ata a lokacin. Ina rina shadda da galura a tsakar gida, in na gama in tuttular da ruwan a lambatu, ya gangara ya kwanta dab da rijiyar maƙwabcinmu Alhaji Buba mahauci. Ranar da guga ya fito da ruwa shuɗi-shuɗi, Alhaji ya aiko: ko in daina, ko mu haɗu a meri, ofishin magajin gari. Na yi ta bambami, don ni bakina bai mutu ba. Habibu ya bari na gaji, ya ce, "Adda, Alhaji ke da gaskiya. Ba ni sati biyu."

Ya jera faffaɗan farantai a rufin ɗaki, ya zuba ruwan rinin kaɗan-kaɗan, ya barbaɗa wata farar hoda da ya samo a Ngaundere. Ya ce hodar ita kaɗai ba ta komai, hasken rana ne ke tayar da ita ta farfasa dafin galurar. Kafin la'asar ruwa ya yi garau. Na ce a zubar. Ya ce a'a, launi ke fara tafiya, dafi na baya, sai ya ƙara kwana biyu a rana. In hodar ta kwanta a tsiyaye ruwan, ita kuma a sake aiki da ita.

Sau nawa ya ce in hau in koyi awon hodar! Nakan ce, "Kana nan, me zai kai ni hawa tsani?" Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Bayan arba'in na hau da kaina. Mu masu rini, in muna son aiki ya ci, ƙara gari muke yi. Sai na juye hodar gaba ɗaya. Ruwa ya yi kauri kamar kindirmo, rana ta kasa ratsa shi, kwana uku yana nan yadda yake. Garin neman ƙiba na samo rama. Da haushi na kifar da farantan, hodar ta bi ƙasa. Na zauna a rufin nan ni kaɗai, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarsa.

Da zai leƙo yau, zai tarar masu rini sun ƙaru, lambatu na kwasar launi iri-iri zuwa kogin Binuwai. An ce ɗalibai na irin aikin nan nasa na tsabtace ruwan rini a jami'a. Na san zai ji daɗi, sannan ya tambaya ko ya iso tsakar gidan wata mai rini.

Alhaji Buba ya jawo famfo daga baya, ya ce mini, "Hajiya, ci gaba da sana'arki, na yafe." Na jiƙa galura sau ɗaya, na ɗauki bokiti zuwa lambatu, wallahi hannuna ya ƙi. Awon ya tafi da Habibu, kuma laifina ne. Abin da ya bar mini kawai, na san me ke cikin ruwan nan.

Yanzu shaddar da wasu suka rina nake sayarwa a kasuwa. Ba na tambayarsu inda suke zubar da ruwansu, don na san amsar.