Zakaran da Na Ba Baturiya

A shekarar farin nan da sojoji ke mulki, mijina ne ke riƙe da makullin magaza, ɗakin ajiyar hatsin taimako, a ƙauyenmu, kusa da Maijirgi. Jar dawa ce daga ƙasashen waje. Kamiyo, babbar motar kaya, kan sauke rabi, ya wuce da rabi inda Allah kaɗai ya sani. Wa zai tare motar da soja ke zaune a gabanta?

Sai aka ce masu dawar sun ji labari, sun turo masu bincike, wai akwai yarjejeniyar da ta ba su ikon bin sawun kowane buhu. Na san mijina ko ƙwaya bai taɓa ba, amma in ana neman wanda za a ɗora wa laifi, mai makulli ya fi kusa.

Da hantsi suka iso: wata baturiya masaniyar shari'a, da tafintanta, da jandarma guda daga Tasawa. Ta yi wa mijina tambayoyi har azahar, ni ina bayan darni ina saurare. Can tafintan ya raɗa mini, "Kwantar da hankalinki, Inna, ba ta same shi da komai ba."

To ni a gidan mutunci na tashi, baƙo ba ya barin ƙofarmu hannu rabbana. Zakara ɗaya ya rage mana, duk ƙashi. Na kama shi, na ɗaure mishi ƙafafu, na durƙusa a bakin motarsu na miƙa mata.

Ta ja da baya kamar garwashi na miƙo. Tafintan ya ce, "Subhanallahi, Inna, me kika yi? A dokarsu kyauta ga mai bincike cin hanci ne."

Na ce, "Wane irin cin hanci bayan an gama bincike? Guzuri ne."

Ya fassara, ta gyaɗa kai, na ga ta gane. Amma jandarman ya riga ya matso, har da fara'arshi. Tun safe yake neman wanda zai kai wa manyanshi. Ya ce da ba mu da abin ɓoyewa, da ba mu nemi toshe mata baki ba. Baturiyar ta yi ta magana, ya ce nan ba ƙasarta ba ce, da mijina zai tafi.

Mijina bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona ni. Ya hau bayan motar, ya dube ni ya ce, "Shiga gida, akwai rana." Wata bakwai ya yi ɗaure a kason Tasawa, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.