Ranar da Layin Kujera ta Tara Ya Tsaya

A shekarun da na yi ina kasuwanci na ga abubuwa da yawa, kuma yawancinsu sun shige ba su bar komai ba. Amma akwai wata Asabar ta damina a shagona na Tudun Wada da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Ba a yi faɗa ba, ba a yi gobara ba. Tsayuwa kawai muka yi muna kallon allon kwamfuta ɗaya.

Ni ba ɗan boko ba ne. Da cajar waya da batir na fara a bakin titi, na koma sayar da kwamfutoci na hannu, har Allah Ya sa na buɗe ɗakin da ake zuwa rubuta jarrabawa da kwamfuta. Ƙarfina bai kai in sayi kwamfuta talatin ba, sai na sayi babba guda ɗaya da alluna talatin. Wadda ta haɗa mini aikin taubashiyata ce, 'yar kawuna, injiniya ce tana koyarwa a Kano. Ta raba babbar gida talatin, ta yadda duk wanda ya zauna a kujera zai ɗauka shi ma kwamfutarsa ce ta kansa. Hatta na'urar da ke ajiye amsoshi a kowace kujera ba ƙarfe ba ce, manhaja ce ke kwaikwayonta.

Matsala ɗaya ce ta addabe ni. Lokaci-lokaci kujera ɗaya sai ta sandare. Maganina kuwa shi ne maganin da na sani tun ina gyaran waya: a kashe, a kunna. Sai dai a nan in na kashe babbar, mutum talatin na kashe wa aiki saboda mutum ɗaya.

Da hutu ya zo na ɗauko taubashiyar tawa don ta magance matsalar. Ta yi kwana biyar a gidana tana wannan aiki, kullum da tsokana a bakinta.

"Alhajin caja, zo in nuna maka abin da kake ta kashewa," in ji ta. Ta jawo wani kwalin firinta ta zana da biro. "Kowace kujera tana da ɗan shirin da ke magana da na'urar, mu direba muke ce masa. Tsakaninsu akwai layi. Direba ya zuba saƙo a mazubi ya ajiye a layi, na'ura ta ɗauka ta yi aiki ta mayar da mazubin. In layin ya tsaya, shi kaɗai ya kamata a share a sake jerawa, ba gidan duka ba."

"To share mana. Me ya kawo kwana biyar? Ko tuwon gidana ne ya yi miki daɗi?"

"Tuwon da babu man shanu? Sharewa ba wuya. Yaushe za a share, shi ne aikin."

Tsarin da ta yi mataki uku ne. Direba zai ce wa na'ura ta dakata. Na'ura za ta cire hannu daga kowane mazubi, sannan ta amsa cewa ta saki. Sai bayan wannan amsar direba zai kwashe abin da ya rage a layi, ya sake jerawa yadda suka zo. Na gane wannan nan take, don na sha tsayawa a kan masu lodin buhu. Na ƙasa ba ya janye kafaɗa sai na kan mota ya ce ya riƙe.

Na tambaye ta, "In kuma na'urar ta ƙi amsawa fa?"

Ta ajiye biro. Ta ce gaskiya nan ne ba ta gama yanke shawara ba. Ni kuwa da gaggawata na ce a ba ta daƙiƙa goma, in ba ta amsa ba direba ya ƙwace kayansa. Ta girgiza kai. Ta ce shirun na'ura ba ya nufin ta mutu. Wataƙila nauyi ne ya yi mata yawa. In aka ƙwace mazubin aka zuba sabon abu, ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya, za ta cakuɗa tsoho da sabo, kuma ba wanda zai sani.

Sai na tuna yadda nake yi da kayan gyara. Na ce mata ni a shago in mutum ya kawo kwamfuta gyara ya ɓace, ba na cire kayan cikinta in sa wa wani. Ina rubuta takarda in manna, in ɗora ta a kan kanta, in jira. Ta ce, "Ashe kan nan ba hula kaɗai yake ɗauka ba." Haka ta rubuta shi: in babu amsa, kada a taɓa komai, a fito da sanarwa a allo, mutum ya zo ya duba. Ni na zaɓi kalmomin ma: Ana jira, kada a kashe. Ta koma Kano, na manta da zancen.

Bayan kamar wata biyu wata ƙungiyar ci gaban yankinmu ta kama ɗakin. Za su zaɓi matan da za a tura koyon aikin ungozoma, kuma zama ɗaya ne, babu na biyu. Mata suka zo daga Badafi, daga Riruwai, daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Mai sa ido wani dattijo ne, tsohon hedimasta. A kujera ta tara akwai wata matar aure daga wata ruga bayan Doguwa. Yayanta ne ya kawo ta a babur, ya zauna a kan benci a waje yana kallon sama, don akwai rafi a hanyarsu da in ya cika ba a ƙetarewa.

Komai ya tafi daidai har wajen azahar. Waɗanda suka gama suna danna aikawa suna tashi. Ita ma ta danna. Allon ya tsaya, sai ga rubutun nan nawa ya fito.

Hedimasta ya leƙa ta saman tabarau. "Alhaji, ai sai ka kashe ka kunna. Haka jikokina suke yi."

Wallahi ƙafata ta riga ta kai ni gaban babbar kwamfutar kafin in yi tunani. Shekara da shekaru hannuna ya saba. Na tsaya da yatsa a kusa da maɓallin, na juya na ƙirga: mata goma sha ɗaya ba su gama ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci." Na kira taubashiyata sau uku, ba ta ɗauka ba. Daga baya na ji tana cikin ajin masu karatun Asabar.

Matar ba ta tashi daga kujerar ba. Ta gyara mayafinta ta ce a hankali, "Alhaji, abin da na rubuta yana nan?"

Ɗan kasuwa ya iya cewa "babu damuwa" ko da rufin shago na yoyo a kansa. Amma na dube ta na kasa. Na ce, "Baiwar Allah, ban sani ba. Abin da na sani shi ne in na taɓa, zai iya tafiya. In na bari, wataƙila yana nan."

"To a bari," in ji ta.

Yayanta ya leƙo ta taga ya yi mata magana da Fulatanci, ya nuna gabas inda hadari ya haɗu. Ta amsa masa da kalma biyu, ya koma ya zauna. Hedimasta ya ce shi dai ba zai iya sake mata zama ita kaɗai ba, ƙa'ida ce, kuma ba shi ya kafa ta ba. Ban ga laifinsa ba.

Ina tsaye sai maganar nauyi ta faɗo mini. Me zai yi wa na'urar nauyi yau? Na dubi bayan babbar kwamfutar, sai na ga faifai a soke. Da safe wani tsohon abokin cinikina ya kawo faifan bidiyon bikin 'yarsa, yana so a kwafa masa kafin la'asar. Ni kuma ban iya mayar da ciniki ba. Kwamfutar ofis ba ta da wuri, sai na soka a babbar na bar shi yana kwafa. Ni da kaina na ɗora wa abin kaya, ranar jarrabawa.

Ban zare faifan ba, don na fara jin tsoron duk wani abu na fizga. Na dakatar da kwafar yadda ya kamata, na dawo bayan kujera ta tara. Minti ɗaya, biyu. Fanka tana juyawa, wata a kujera ta ashirin tana tari. Sai rubutun ya ɓace, allon ya motsa, ya nuna an karɓi amsoshi. Hedimasta ya duba nasa allon, ya bi da yatsa har ƙasa. "Amsa hamsin cif. Babu wadda ta ɓace."

Ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauki jakarta. Na bi su har bakin ƙofa ina ba da haƙuri. Yayan ya ce ba komai, ya tayar da babur. Yayyafi ya fara suna shan kwana.

Da yamma taubashiyata ta kira. Na faɗa mata duka, har da bidiyon biki. Ta yi dariya har da tari, ta ce za ta ba kawu labari. Da ta duba bayanan da na'urar ta ajiye, sai muryarta ta sauya. Ta ce a lokacin da layin ya tsaya, rabin amsoshin matar suna hannun na'urar, rabi suna layi. Da na kashe, da sun tafi tare da na sauran sha ɗayan. Da kuma an bi shawarata ta daƙiƙa goma, da takardarta ta isa a cakuɗe, a ba ta makin da ba nata ba, ta koma gida tana zaton ita ce ba ta iya ba.

Ban bi diddigin sakamakon ba, ba hurumina ba ne. Na dai san abin da ta rubuta shi aka duba.

Abin da na koya bai tsaya a kwamfuta ba. Na girma ina ganin mai saurin yanke hukunci shi ne gwani, kuma a kasuwa sau da yawa haka ne. Amma in abu yana tsakanin hannu biyu, shirun ɗaya ba izini ba ne ga ɗayan. Kuma kafin in ɗora wa wani laifin jinkiri, yanzu nakan fara dubawa ko ni ne na ɗora masa kayan da suka hana shi amsawa.