Ƙyallen da Ya Raba Malam Nuhu da Dutsen Guga

Ranar Asabar, 7 ga Mayu, 1983, na fara haɗuwa da Malam Nuhu mai wanki da guga. A satin ne aka dawo da ni Kaduna daga Zariya, ina akawu a wata ma'aikatar gwamnati, na kama haya a Kinkinau. Na kai masa rigunan ofis biyu a rumfarsa da ke bakin layinmu. Dogo ne siriri, yatsunsa duk tabon gawayi. Kafin ya karɓi rigunan, sai ya tsoma yatsa a kwano ya ɗiga ruwa a kan kowacce.

Na ce, "Malam, me kake dubawa?"

Ya ce, "Yallaɓai, tambayar yadi nake yi. In ya sha ruwa, auduga ce, tana son wuta. In ruwan ya tsaya a kai, akwai roba, sai a bi shi a hankali. Wannan ta biyun, ɗan kasuwa ya cuce ka."

Yana fifita gawayin dutsen gugarsa ya ƙara da cewa, "Ban taɓa ƙona wa mutum kaya ba. Wallahi ranar da na ƙona, ranar zan ajiye dutsen nan."

Na ɗauka cika bakin masu sana'a ne. Daga baya na tarar duk Kinkinau an san rantsuwar nan, kuma ita ce ke kawo masa aiki. Har daga Rigasa ake zuwa masa da kayan salla a bayan keke. In babbar riga ce mai aikin hannu, ba ya barin dutse ya taɓa zaren. Sai ya jiƙa tsohon ƙyallen auduga, ya shimfiɗa a kan aikin, sannan ya danna. Da wannan rumfa ya ciyar da matarsa Kaltume da 'ya'yansu biyar.

A 1998 Hamisu, ƙanen matata Safara'u, wanda ya yi sakandare a hannunmu, ya dawo daga kwas a Turai. Cikin tsarabarsa akwai ƙyallayen goge-goge huɗu, ruwan ɗorawa, masu laushi kamar karan-miski. Ya ce sunansu maikurofaiba. A gida muka riƙa kiransu ƙyallen Hamisu.

Aikinsu ya ba mu mamaki. A bushe, ƙyallen yana kwashe ƙurar talabijin bai tayar da ita ba. In an ɗan jiƙa shi, yana barin gilashin taga tas ba tare da sabulu ba. Safara'u ta riƙe ƙa'idar da ƙanenta ya ba ta. Da ruwan sanyi da ɗan sabulu take wanke su, su kaɗai, don suna kwasar gashin tawul. A inuwa take shanya su. Ba sitaci, ba tafasawa.

Wata Lahadi Malam Nuhu ya zo ɗaukar wanki, ina zaune a baranda, Safara'u tana goge tagar falo da ƙyallen Hamisu. Ya roƙi a ba shi ya taɓa. Yana taɓawa ya yarfe hannu.

"A'uzu billahi! Hajiya, abin nan kama ni yake yi!"

Ta yi dariya ta ce, "Kaushin hannunka ne, Malam Nuhu. A riƙa shafa mai."

Ya ɗiga masa ruwa daga butar alwala. Ruwan ya ɓace nan take. Ya ƙara, ya sake ɓacewa. Ya ce, "Ikon Allah! Tunda nake ban ga audugar da ta kai wannan ba."

Ta ce, "Hamisu ya ce zaren roba ne. Kada a kai shi kusa da wuta."

"Hamisun da na goge wa wandon makaranta? Hajiya, roba ba ta shan ruwa. Ni za a koya wa wuta?"

Ta ba shi ɗaya kyauta, ta ce ya riƙa goge kekensa.

A watan Oktoba aka sa ɗaurin auren 'yarmu Sa'adiya. Na fito da babbar rigar mahaifina marigayi, farar shadda mai aikin hannu na Zariya, wadda ya sa ranar ɗaurin aurena. Malam Nuhu ya karɓe ta da hannu biyu. Ranar Juma'a da safe, ana gobe ɗaurin aure, na biya ta rumfar kafin in wuce ofis.

Ya ce, "Zauna, Yallaɓai, aikin ƙirjin kawai ya rage. Yau rigar Baba za ta ga gata."

Sai ya zaro ƙyallen nan daga aljihu, sabo fil. Ashe bai taɓa goge keke da shi ba, ya ce ya fi ƙarfin keke. Ya jiƙa, ya matse, ya shimfiɗa a kan aikin. Na buɗe baki zan tuna masa maganar Hamisu, dutsen ya riga ya sauka.

Da farko tururi ne ya tashi kamar kullum. Sai wani wari ya biyo baya, irin na ledar da aka jefa a murhu. Malam Nuhu ya ja dutsen, dutsen ya ƙi zuwa. Ya sa hannu biyu ya ɗaga, sai ga wani abu yana bin sa zare-zare kamar narkakkiyar alewa. A ƙirjin rigar kuwa, shacin dutsen ya zauna daram, baƙi-baƙi da ruwan ɗorawa, ya shige cikin zaren aikin ya sandare.

Ina zaune a benci. Salati kawai nake yi. Shi kuwa ya tsaya da dutsen a sama, bakinsa a buɗe.

Da ƙyar ya ce, "Ya sha ruwa, Yallaɓai. A gabanka ya sha ruwa."

Na ce, "Ƙaddara ce, Malam Nuhu. Riga ce kawai."

Kamar bai ji ni ba. Ya fita bakin rumfa, ya buɗe murfin dutsen, ya zazzage garwashin a ƙasa, ya kwara masa ruwan kwanon. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Nuhu ne ya ƙona kaya? Nuhu?" Kafin a sauko daga masallacin Juma'a, ya bi gida-gida ya mayar wa kowa wankinsa ba guga.

Da rigar aro na je ɗaurin auren. Bayan biki na ɗauki limamin layinmu muka same shi a gida. Liman ya ce masa rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ya koma bakin sana'arsa. Na ce ni na yafe, duniya da lahira.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, kaffara ba za ta gagare ni ba. To in na koma, da me zan tambayi yadi? Abin da na sani ke nan, kuma yanzu yadi ya koyi ƙarya."

Muka yi masa sallama, muka tafi.

A farkon 1999 Malam Nuhu ya bar rumfar, ya kwashe iyalinsa zuwa Rigachikun, inda dangin Kaltume suka ba shi gona. Masara yake nomawa. Na ziyarce shi bayan girbi, na ga dutsen a rataye a zaure da ƙyallen manne a gindinsa, bai kankare ba. Rigar tana cikin akwatina, tabon bai fita ba. Bai sake goge wa kowa kaya ba, nasa ma wani ake kai wa.