Ba Waldar Auta ce ta Karye ba

Ranar Talata, ƙarfe shida da rabi, Auta ya shigo kicin yana neman cokali. Na miƙa masa ɗaya. Ya juya bayansa yana karanta tambarin.

“Umma, an cuce ki. Wannan wata uku zai yi tsatsa.”

“Sha shayinka, likitan cokula.”

Ƙarfe bakwai ya fita. Sha ɗaya ya kira ni ya ce in daina tsallake maganin hawan jini. Biyar da kwata ya dawo da ƙuna a gwiwar hannu, ya ƙi bari in duba. Kashegari da hantsi, a masana’antar da yake aiki, dandamalin da yake tsaye a kai ya rufta da shi cikin tankin tafasasshen ruwan gishiri.

Shekararsa ashirin da bakwai, takwas daga ciki a kan walda. Ni kuma kimiyyar sinadarai na koyar a jami’a har na yi ritaya. Na so ya je jami’a, ya ce littafi ba ya tartsatsi. Ya ƙware a ƙarfen da ba ya tsatsa: tukwanen asibiti, teburan mahauta, bututun madara. Duk wannan, ƙarfe mai lamba 304 ya ishe shi. Amma inda akwai gishiri da zafi, 316 ake sa wa, don a cikinsa akwai sinadarin molibdenum, ya fi jurewa. A ido ba ka bambanta su.

Sanduna huɗu ne ke riƙe da dandamalin a saman tankin masana’antar. Auta ne ya haɗa su bara, kuma 316 ya rubuta a kawo masa. Mai sito ya sayo nasa a kasuwa, ya kara musu maganaɗisu, bai kama ba, ya ce na asali ne. Haka suke gwada ƙarfe tun kafa wurin. Alhali maganaɗisu ba ya kama 304, ba ya kama 316.

Abokin aikinsa, Dogo, ya ce a lokacin Auta ya tambayi mai siton.

“Ina takardar ƙarfen nan?”

“Kai Auta, takarda za ka yi wa walda? Ga shi yana ƙyalli kamar haƙorin makka!”

Manaja ya zo gaisuwa, ya ce sai haƙuri, Mama. Bayan mako biyu rahotonsu ya fito: kuskuren mai walda. Wato ɗana ne ya kashe kansa da rashin iya aiki.

Na sa Dogo ya ɗauko mini guntun sandar da ta karye. Waldar tana nan lafiya lau. Karayar tana sama da ita da inci uku, da tsage-tsage sirara kamar saiwa. Na kai ɗakin gwajin jami’armu. Ba molibdenum. 304 ne. Na rubuta wa masana’antar sau uku, ba amsa.

Takalmansa na ba ɗan ƙanena. Dogo ya ɗauki hular walda da safar hannu. Tufafinsa yayarsa ta raba wa maƙwabta.

Sai masana’anta ta aiko direba, wai a mayar da rigar aikinsa, kayan kamfani ce. Ban wanke ta ba. Na liƙa sakamakon gwajin a ƙirjinta da fil, na ƙi ba direban. Ni na kai da kaina, na shimfiɗa ta a kan teburin manaja, na ja kujera na zauna.

“Karanta,” na ce. “Da ƙarfi. Ina ji.”