Hoton Matar Nan

Shekarun baya, ban daɗe da zama likitan hoto ba, asibitin da nake aiki ya tura ni wani taron ƙara wa juna sani a Alƙahira. Irin taron nan ne da masu duba hoton marasa lafiya daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa, manya su koyar, ƙanana irinmu mu yi ta gyaɗa kai ko mun gane ko ba mu gane ba. Fitata ta farko ke nan, kuma na ɗauki abin da zafi. Har sabuwar shadda na ɗinka, sai ka ce ɗaurin aurena za a yi a can.

Wanda ya tashi a cikin birni ya san matafiyi ba ya rasa saƙo. Labari ya zaga unguwarmu Mandawari cewa ɗan gidan Hajiya zai je wurin manyan likitocin duniya, sai mutane suka fara sallama a soronmu. Ba turare aka ce in sayo ba, hotuna aka riƙa kawo mini. Wani dattijo abokin marigayi mahaifina ya kawo hoton gwiwarsa wanda aka ɗauka tun ina ɗalibi, ya ce a nuna wa Larabawa. Na karɓa hannu biyu. A tsaye a wurin zan iya gaya masa abin da ke ciki, amma na san maganata ba za ta shiga kunnensa ba sai ta hau jirgi ta dawo.

Ana gobe zan tafi na je yi wa mahaifiyata sallama. Ni ne ɗanta na fari, kuma Hajiya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi maganata sai ta ce wa ƙannena "yayanku". A ɗakin kakata na tashi, in na zo gaishe da Hajiya a bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani wuri. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, haka muka taso muka tarar. Amma ƙannena kan hau gadonta su yi ta hira, ni kuwa ko ciwon kai take yi sai dai in ji a bakinsu.

Ranar ma haka aka yi, ta ce Allah ya kiyaye hanya, na tashi. Ina fitowa ƙanwata mai bi mini ta tare ni a soro, ta miƙo mini faifan kwamfuta a cikin ambulan, an bi rubutun bayansa da baƙin biro an shafe. Ta ce hoton mama ne na wata ƙawar Hajiya. Matar ta ji ƙululu, an ɗauke ta hoto a wani asibitin kuɗi, an ce ta dawo, ta ƙi komawa. Ba ta son a san ko wace ce, amma ta yarda a nuna wa manyan. Na tambayi shekarunta, ta ce sa'ar Hajiya ce. Na jefa faifan cikin jaka kusa da gwiwar dattijo, hankalina yana kan biza da tikiti.

A irin wannan taro akan ware zama guda a ranar ƙarshe, wanda duk mai hoto mai rikitarwa zai kawo a haska a bango, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ƙa'idar ita ce sai ka cire sunan mai hoton tukuna. Abin da ƙanwata ba ta sani ba shi ne, suna ba a bayan ambulan kawai yake ba. Na'urar da ta ɗauki hoton tana rubuta shi a cikin faifan, a kusurwar kowane hoto. Da aka tashi hutun azahar a rana ta farko na koma ɗakina a otal, na sa faifan a kwamfuta don in goge sunan in miƙa.

Sunan Hajiya ne ya fito, da sunan mahaifinta a gaba.

Na ce da kaina ai rabin tsofaffin cikin birni sunansu ke nan. Sai idona ya sauka kan ranar haihuwa. Hajiya ba ta san ranar da aka haife ta ba, ni da kaina na zaɓa mata wannan ranar lokacin da za a yi mata fasfon aikin Hajji. Abin da na fara yi, ko kun yarda ko ba ku yarda ba, rufe kwamfutar na yi da sauri, don kunya ce ta fara kama ni kafin tsoro. Na ga abin da bai kamata ɗa ya gani ba. Na daɗe zaune a bakin gado ina zufa a ɗakin da ke da sanyi kamar randa, sannan na yi ta maza na sake buɗewa.

Abin yana ɓangaren hagu, can sama wajen hammata. Ba babba ba ne, amma gefensa ba sumul yake ba, ya fitar da 'yan saiwoyi ta ko'ina. Da na wata ne, na san abin da zan rubuta ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma da yake nata ne sai na shiga nema masa uzuri. Wataƙila tsohon tabo ne, wataƙila tsoka ce ta naɗe, wataƙila na'urar ce ba ta da kyau. Sai na duba ranar da aka ɗauki hoton, na ga tun kafin azumi ne, ga shi har an yi babbar Sallah an ci nama an manta. Duk watannin nan ina zuwa ina durƙusawa a bakin ƙofarta, tana amsa mini lafiya lau.

Na kira ƙanwata. Tana jin muryata ta fashe da kuka. Ta ce Hajiya ta ƙi komawa ne saboda an ce sauran aikin a asibitinmu za a yi, a sashen da nake. Ko a wani wuri ne ma, ta san likitocin hoton Kano duk mun san juna, magana za ta dawo kunnena. Sannan ta faɗi abin da ya ƙarasa kashe mini jiki.

"Yaya, don Allah kada ka nuna ka sani. Ta ce ranar da ka sani ta gama zancen asibiti, sai dai ta zauna ta jira ikon Allah. Ka san ta."

Na san ta kuwa. Hajiya ba ta faɗin magana sau biyu.

Sauran kwanakin taron ban san yadda suka wuce ba. Ina zaune cikin shaddata, ana ta haska hanta da ƙwaƙwalwa, ni ba abin da nake gani sai 'yan saiwoyin nan. In na yi shiru abin zai ci gaba da girma a jikinta, in na yi magana ta rufe ƙofa. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, har in na tsaya salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Duk da haka na goge sunan na miƙa hoton, don ita ta aiko a nuna, kuma ni kaina ina son wani ya ce mini na yi kuskure.

Ranar ƙarshe aka kira lambata. Zauren ya cika, aka haska hoton a bango, girmansa ya fi ƙofar gidanmu. Na tsaya riƙe da lasifika kaina a ƙasa, na ce mace ce mai shekaru kaza, ta ji ƙululu. Wadda ke jagorantar zaman wata tsohuwar farfesa ce, 'yar ƙarama, tabarau rataye a wuya. Ta ce wanda yake ganin abin ba mai cutarwa ba ne ya ɗaga hannu. Hannuwa 'yan kaɗan suka tashi can baya, ni ma sai na tsinci nawa a sama, ni da na kawo hoton. Da ta ce masu zargin ciwon daji fa, kusan duk zauren ya ɗaga.

Farfesar ta ce ita ma tana tare da masu yawa, amma abin ƙarami ne, akwai sauran lokaci. Ta tambaye ni me aka gani da aka sa allura aka ɗebo tsokar wurin aka auna. Na ce ba a yi ba. Ta tambayi yaushe aka ɗauki hoton, na faɗa. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce me ake jira. Na ce matar tana jin kunya ne, saboda ɗanta likita ne a sashen da za a yi aikin. Wasu suka ɗan yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta ce to sai ɗan ya kauce ya ba da hanya, don wannan abu ba ya jiran kowa.

Da aka fito shan shayi ta zo ta same ni a gefe. Ta ce ta ga hannuna a sama, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya kawo hoto ya ƙi kallonsa ba. Ta tambaya a hankali ko mahaifiyata ce. Na gyaɗa kai. Ta ce kada in sake buɗe faifan nan, in nemo mata likita, ni in tsaya a matsayin ɗa.

Tun a filin jirgi na kira wata abokiyar karatuna da ke aiki a wani asibiti daban, na gaya mata komai, ta ce in turo. Daga sauka ban biya gidana ba, na wuce Mandawari. La'asar ta yi, Hajiya tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti, ƙanwata tana gefe duk ta tsure. Na durƙusa a inda na saba, muka gaisa, ta yi mini sannu da hanya tana kallon farantin.

"Hajiya, manyan sun duba hoton matar nan."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "To."

Na ce sun ce lallai a ɗebi tsokar wurin a auna cikin makon nan, in abin da suke zargi ne a yi aiki a cire, kuma har yanzu ba a makara ba. Ta ce ai matar ba ta son asibitinmu, idanu sun yi yawa. Na ce ba asibitinmu ba ne, na samo wata likita mace a wani wuri, kuma ko takarda ɗaya ba za ta zo teburina ba. Na ce ni ban san matar ba, ba kuma sai na san ta ba.

Sannan ta ce, "In ba ta je ba fa?"

Duk maganganun da na tsara a jirgi suka gudu. Abin da ya fito kawai na faɗa.

"In ba ta je ba 'ya'yanta za su rasa ta, Hajiya. An ce tana da babba, namiji. Ban san yadda zai yi ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tura shinkafar da yatsa, amma na ga ba tsinta take yi ba. Can ta juya wajen ƙanwata ta ce gobe da safe ta shirya ta raka matar. Ta ƙara da cewa a zuba wa yayanku abinci, ya sha hanya.

Ciwon dajin ne. Aka yi aiki, aka yi watanni ana magani. Ni abin da aka gaya mini shi ne Hajiya ta tafi jinyar ƙawarta. Kullum nakan kai ƙanwata da kwanukan abinci bakin ƙofar asibitin, in zauna a mota ina jan carbi har ta fito. Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗarta.

Na daɗe ina jin haushin wannan kunya tamu, don saura ƙiris ta raba ni da uwata, kuma na san gidajen da ta raba. Ku mata masu karanta wannan, in kun ji abu a jikinku ku je a duba, kada ku jira sai wani zai yi tafiya. Amma ni dai ban iya karya kunyar Hajiya ba, kuma da na gwada da yanzu wani labarin nake ba ku. Abin da na iya shi ne na bar mata mayafinta, ita kuma ta yarda ta taka zuwa asibiti a cikinsa.

Har yau ba mu taɓa yin zancen ba, kuma tsoron bai sake ni duka ba. Duk shekara akan sake ɗaukar hoton matar nan. Nakan ɗauki hutu ranar, in bar farar rigata a gida, in je in zauna a benci cikin masu jira. Nan nake zama har ƙanwata ta leƙo ta ce ƙalau take. Daga nan Hajiya ta fito ta bi ta gabana a hankali, ta kalli bango, ni in kalli ƙasa, har ta wuce.