Kira Uku da Ban Amsa Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Inna makwancinta a nan Keffi, amma har yau in aka ambaci ciwon mantuwa sai gabana ya faɗi.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka na shekara hamsin ban ji sunana a bakinta ba. Alkunya ce irin ta iyayenmu. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce wa wancan ya zo." Ko ranar da na faɗo daga acaɓa a hanyar Garaku, ƙafar ta duba, ba ta ɗaga kai ta kalle ni ba.

Da abin ya fara, cewa muka yi gigin tsufa ne. Ta zuba gishiri a koko, ta yi la'asar sau biyu. Sai ranar sunan wata jikarta, gida maƙil da mata, ta ɗaga murya: "Haruna! Zo ka zauna kusa da ni." Mata suka riƙe baki. Ni kuwa, sarkin wauta, kunya ta rufe ni, na yi kamar ban ji ba, na fice zaure. Sau uku ta kira. Kafin shekara ta zagayo sunan ya ɓace mata ƙurmus. In na shiga ɗakinta sai ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, malam."

Makon jiya 'yata ta fari, mai aikin jinya, take gaya min masana a ƙasashen waje suna gwada allurar rigakafin wannan ciwo da suke kira Alzheimer. Wai za ta koya wa jiki share dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Har yanzu dai gwaji ne, ni kuwa na gaji da jin "an kusa". Inna, wadda ta tasa ƙeyarmu ɗaya bayan ɗaya aka yi mana lambar rigakafi, da tana nan ba za ta kushe ba. Cewa kawai za ta yi, gani ya kori ji.

Ban sani ba ko allurar za ta riske ni. Sau biyu ke nan ina tsayawa tsakiyar kasuwa na rasa abin da ya kawo ni, kuma tsoro nake ji.

Zannuwanta an rabar, ɗakinta ya zama na ajiya. Abin da ya rage min nata shi ne kiran nan uku. Shi ya sa jiya, a gaban baƙi, tun sunan yana bakina, na dubi 'yar nan tawa ta fari, wadda ni ma ba na kiran sunanta, na ce, "Bilkisu, zo ki zauna kusa da ni."

Ta yi turus, sannan ta ce, "Na'am, Baba." Sau ɗaya na kira.