Kan rago a gaban shagona

Ina tsaka da juya tsire jiya bayan La'asar a shagona na unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki, sai ga abokina Usama riƙe da waya, yana dariya har da hawaye.

Wai fim ɗin barkwanci ya kalla na mutanen Denmark. Wata tsohuwa ce mai masauki, duk baƙon da ya yi ƙorafi sai ta dafa shi ta ba baƙi na gaba, su kuwa suna ta santi.

Sai ya ɗaga murya da Larabci a gaban masu saye: "Ya sheikh, daɗin naman naka ma ya yi yawa. Ina maƙwabcinka? Kwana biyu ba mu gan shi ba!"

Wasu suka yi dariya. Wata Hajiya kuwa ta ajiye ƙunshinta a hankali, ta fice.

Na ce, "Usama, su can dariyarsu za su yi su tashi. Ni wannan sana'ar kakana ce, da ya tako da ƙafa ya bi ta Chadi har ya iso nan. Tun muna yara ake jifanmu da irin wannan magana, ba zan ɗauke ta daga bakin ɗan'uwana ba."

Ya ce, "Wallah wasa nake."

Yau na dawo da al'adar kakana: kan rago da ƙafafunsa a fili, naman kuma a gaban mai saye nake yankawa. Usama na sa ya ɗauko kan daga mayanka, cikin sabuwar motarsa.

Ba zan daina ba sai Hajiyar nan ta dawo. Ku gaya mini, wasan da ya kori mai saye, wasa ne?